Mutum Arba'in da Bakwai a Rumbun Albasa

Ni Nusaiba ba a kawo mini raini a kan aikina. Ni na haɗa kwamfutar da ke juya fankokin rumbun albasar manoman Mandera, ni kuma na rubuta modul, ɗan ƙaramin shirin da ke cikin kanel, wato zuciyar na'urar. Modul ɗin yana fito da wani fayil wanda ba a ajiye yake ko'ina ba. Sai ka buɗe shi daga waya modul ya gaya maka zafin rumbu. Idan aka cire modul alhali wani yana cikin fayil, na'ura ta kife. Shi ya sa akwai ƙirge: an buɗe, ƙara ɗaya, an rufe, rage ɗaya. Sai ya koma sifili kanel ke yarda a cire.

Ranar Talata na gano fankokin suna tsayawa da azahar, ga buhu ɗari biyu a ciki. Na gyara matsalar a sabon modul, na zo cire tsohon daga shagona a Bodinga, kanel ya ce atafau. Ƙirge arba'in da bakwai. Manoman nan fa su tara ne.

Raina ya ɓaci. Na san aikin Kawu Mode ne, shugabansu, mutumin da ko allura ya saya sai kasuwa ta gani. Na hau ɗan kabu-kabu sai Shagari inda yake zaune, ina tafe ina tsara masa magana.

Na same shi gindin darbejiya. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na ce, "Kawu, wa da wa ka raba wa lambar shiga?"

Ya ce, "Mi ya yi zafi, ɗiyata? Ni ɗai ka dubawa, kuma ina rufewa. Ga shi ki gani."

Ya buɗe fayil ɗin a wayarsa, ya rufe. Na leƙa kwamfutata: arba'in da takwas. Ya sake, a natse, da ɗan yatsa ɗaya. Arba'in da tara.

Na buɗe rubutun modul ɗina ina addu'ar kada ya zama abin da nake zato. Layin ƙarawa yana nan daram. Na ragewa kuwa ban taɓa rubuta shi ba. Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba yadda za a yi sai an kashe na'urar da hannu a tayar. Kawu ya goya ni a babur ɗinsa zuwa Mandera, muka isa saura kaɗan azahar. Na kashe na tayar, na ɗora sabon modul. Fankoki suka tashi, albasa ta tsira.

A hanyar dawowa ya nemi bayani, na yi masa: na'urar tana jin shigowar mutum, ba ta jin fitarsa.

Muna wuce gada ya ce, "Ai ke ta gado. Shekara ukku kina zuwa gidana, ba ki taɓa yi man sallama ba in za ki tahi."