Minti Ashirin na Kafinta

"Karanta mini, me sarkin surutu ta ce yau?"

Kafinta ya miƙo wayarsa ta tagar shagon Tela, maƙwabciyarsa. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Tun ranar da ciwon zuciya ya kayar da shi a bakin aiki, asibiti ke turo masa saƙo kowace safiya.

Ta tsayar da keken ɗinki. "Sun ce ka sha ƙwayarka, ka rage gishiri, ka yi tafiyar minti ashirin."

"Gishiri kuma? Har tukunyata suke leƙawa?"

Ya haɗiye ƙwayar yana harararta, kamar ita ta rubuta.

'Yarsa kuwa so take ya kwanta. Ta kulle masa shago, ta ɓoye zarto, har takalmansa ta ɗora saman kabad. Sai ya fito da silifas ɗin banɗaki.

"Shekara arba'in ina aiki a tsaye," in ji shi. "Idan mutuwa tana nemana, ta biyo ni titi."

Tela ce ke raka shi tana duba agogo. Da farko kowane turken lantarki sai ya dafa shi yana haki, ita kuma ta tsaya, ta yi kamar ɗankwali take gyarawa. Kafin wata uku, ita ke cewa ya jira ta.

A wata na bakwai, wata safiya suka dawo, ya zauna a bencin ƙofar shagonta, ya nemi ruwa.

"Yau minti nawa?"

"Ashirin da biyar."

"To rubuta musu, ki ce na ƙara musu biyar kyauta."

Tana cikin rubutawa ta ji kofi ya faɗi. Ko da motar da za ta kai shi asibiti ta iso, rai ya yi halinsa.

Kwana biyu da binne shi, 'yar ta tsaya mata a ƙofa, idanu jawur.

"Ke kika riƙa jan Baba a titi har kika ƙarasa shi."

Tela ta miƙe. Ta dube ta ido cikin ido.

"Likitansa ya ce ya taka, ya taka. Wata bakwai yana yawo da ƙafarsa, yana tsokanar duk wanda ya gani. Na yi miki ta'aziyya, zan kuma yi. Amma haƙuri a kan wannan, ba zan ba ki ba."

'Yar ta dubi bencin ƙofar shagon. Can ta ce a hankali, "Inna, ya sha wahala?"

"Dariya yake yi."

'Yar ta sulale ta zauna a dandamali, ta rufe fuska. Tela ta zauna gefenta. A ciki, rigar wata amarya na nan ƙarƙashin allura, hannu ɗaya ba a haɗa ba.