Gurbin Harafi Talatin da Biyu

Ranar Laraba da hantsi kwamfaila, manhajar da ke juya abin da muka rubuta zuwa harshen inji, ta ƙi karɓar aikina. Sati uku ke nan ina zaune a ofishinmu da ke garin Bayan Lepas, ina bin tsohon laburaren manhaja, wato tarin layukan umarni, da injunan ƙarin ruwa na kamfaninmu suke dogaro da shi, ina saka alamomi. Duk inda aka ware gurbin ajiye bayani, sai in rubuta wa kwamfaila girmansa, don ta yi ƙorafi idan wani layi zai zuba abin da ya fi ƙarfin gurbin. Ƙorafin da ta yi a baya duk kuskurena ne. Wannan kuwa sau huɗu na karanta shi, ban ga laifina ba.

Gurbin sunan majinyaci harafi talatin da biyu yake ɗauka, amma layin da ke kwafo sunan ba ya ƙirgawa. Na duba abin da ke maƙwabtaka da gurbin, inda rarar dogon suna za ta malala: saurin ɗigar magani ne.

Kawu Teoh ne ya rubuta layin shekara goma sha huɗu da suka wuce, kuma shi ya ɗauke ni aiki. Na same shi yana buɗe ƙunshin shinkafarsa ta nasi kandar.

"Kawu, ko za ka ɗan duba min wani abu?"

Ya leƙa allona yana tauna. "Suriani, alamarki ce ba daidai ba. Layin nan yana aiki tun kina sakandare."

"A da ai da hannu ake buga suna, allon ya tsaya a talatin da biyu. Bara aka ƙara na'urar karanta suna daga abin da ake ɗaura wa majinyaci a hannu. Ita ba ta tsayawa."

Ya daina tauna.

Muka gangara ɗakin gwaji wajen Thilaga, mai gwada injuna. Ta saurare mu, ta ce, "Dogon suna kuke nema? Ga nawa kyauta. Tun firamare ba fom ɗin da ya taɓa ɗaukarsa."

Ta buga Thilagavathy a/p Balasubramaniam Pillai a abin hannu, ta saita injin a mililita biyar cikin awa, ta haska abin hannun da na'urar. Ba ƙara, ba jar fitila. Biyar ɗin kawai ta koma ɗari da ashirin, ruwa ya shiga zuba cikin kofin gwaji.

"Wayyo Allah," in ji Thilaga, ta zare wayar wutar.

Kawu Teoh ya zauna a kan kwali. "Asibitoci nawa ke da sabuwar na'urar?"

"Shida," na ce.

"Gyaran fa?"

"Layi biyu ne. Amma kafin ya isa kowane inji, sati guda."

Shi da kansa ya hau sama ya gaya wa manaja. Ta gilashi na hango shi yana nuna ƙirjinsa da yatsa. Da ya sauko muka raba asibitocin, kowa biyu.

Nawa na farko a garin Ipoh yake. Aka yi ta miƙa ni daga wannan zuwa wancan a waya, har aka haɗa ni da babbar nas.

"Sista, don Allah ku daina haska abin hannu daga yanzu. Ku buga suna da hannu."

"Wannan abar? Ai tana cikin durowa, 'yata. Lambar gado muke bugawa, wa ke da lokaci?"

Na yi mata godiya har sau uku. Thilaga ma ta ɗaga min babban yatsa daga teburinta. Kawu Teoh ne bai ɗago ba. Yana riƙe da waya da hannu biyu, yana cewa, "Tun yaushe kuke amfani da ita? To, ɗakin yara ma?" Ya jawo takarda ya fara rubuta lambobin injuna.

Ƙarfe biyar aka tabbatar masa ba majinyacin da abin ya shafa. Sunan da ya fi tsawo a can harafi talatin da ɗaya ne. Ya ajiye wayar, ya cire tabarau ya murje ido.

"Saura fayil nawa ba ki saka wa alama ba?"

"Ɗari biyu da bakwai, Kawu."

"Turo min rabi," ya ce, ya jawo kujerarsa kusa da tawa.