Angon Chata

Baƙaƙen aladun nan marasa gashi da na gada wurin kakata suna ƙarewa a hannuna, ina ji ina gani. Bara Chata, uwar garkena, ta haifi biyar, uku ko nono ba su kama ba. Bana huɗu, ɗaya da karkatacciyar ƙafa. Ba ciwo ba ne. Duk aladun ƙauyenmu dangin juna ne, uba ya hau 'ya, wa ya hau ƙanwa, har jinin ya gaji. Maƙwabta sun koma kiwon fararen nan na kamfani da rana ke ƙonawa. Ni kam Allah ya sawwaƙe.

Namiji ɗaya na sani mai baƙon jini, na taubashina Fermin Poot, can bayan garin Peto. Tun damina ya yi mini alkawarin aronsa. Da Chata ta fara neman barbara, na ɗauko hayar akori-kura na tafi.

Na tarar da Fermin kwance cikin ragar lilo yana kaɗawa.

"Eulogia sarkin rowa! Ko 'yar wainar masara, tortiya, ba ki riƙo mini ba?"

"Tashi, malalaci, nuna mini angon."

Sai ya hau sosa ƙeya. Na leƙa garken. Ga shi nan ya yi ɓul-ɓul, kwance kamar buhun masara. Na zagaya bayansa. An fiɗiye shi!

"Fermin! Me ka aikata?"

"Yi haƙuri, 'yar'uwa. A bikin waliyyin garinmu ni na karɓi kan aladen da ake rawa da shi. Kin san wanda ya karɓa shi ke kawo na baɗi. Naman wanda ba a fiɗiye ba kuwa wari yake, in kai wa waliyyi nama mai wari?"

"Duk garken nan ba ka ga na yanka ba sai shi?"

"Ai mafi kyau ake bayarwa."

Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi.

"Kwantar da hankalinki, ga wani lafiyayye," ya ce, ya koro wani matashi baƙi wuluk, mai faɗin ƙirji. Har na fara sakin fuska. Sai na ga kunnensa na hagu, tsaga biyu. Da wuƙata na yi su. Ɗan Chata ne, wanda na ba Fermin kyauta ranar auren 'yarsa.

Direba ya leƙo. "Inna, a ɗora shi?"

Na ce ya ta da mota. Haka muka juyo akori wayam, Chata na can gida tana dukan ƙyaure da hanci.