Warkin Baba Mailafiya

"Ba zan bayar ba. Je ka gaya wa Fada, in ka ga dama ka zarce Kano ka gaya wa na sama da shi."

Ina kan keken ɗinki na ji muryar Baba Mailafiya ta katanga, na ɗaga ƙafa na tsaya. Shagona a Limawa manne yake da zaurensa, ko tari ya yi sai na ji, balle faɗa. Da na leƙa sai ga Malam Ɗan'inna, katikis ɗin cocin Katolika, wato mai koyar da masu son shiga addininsu a ƙarƙashin Fada, limamin cocin, yana tsaye a bakin zaure da littafi a hammata, gumi na bin wuyansa. Baba kuwa yana zaune a tabarma, ya baje wata tsohuwar fata a cinya yana shafa mata man gyaɗa kamar babu kowa a wurin.

Fatar nan ce tushen rigimar. Warki ne, irin jemammiyar fatar akuyan nan da manoma suke ɗaurawa a ƙugu a zamanin da in za su gona, kuma na ubansa ne. Baba Bamaguje ne daga wani ƙauye can bayan Miga, cikin mutanen da ba su yi salla ba, ba su kuma je coci ba, suna nan a kan abin da suka gada. Ya shigo Dutse lebura lokacin da aka ba mu jiha ana ta gine-gine, da ƙarfi ya ƙare ya koma sayar da itace. Matarsa Rakiya ta daɗe da shiga Katolika, ta kai 'yarsu Alheri aka yi mata baftisma, wankan shiga addininsu, tun tana goye, shi kuwa ya ce ba a haifi wanda zai durƙusa wa ba. Sai da Rakiya ta rasu, wata Asabar ya sa hula ya tafi coci da ƙafarsa ya ce a rubuta sunansa. Na tambaye shi dalili, ya ce inda ta tafi can za shi, kuma an ce masa ƙofar ke nan.

Ni Musulmi ne, ɗan malamai ma kuwa, mahaifina har yanzu yana da makarantar allo a Garki. Kada wani ya ɗauka ban yi wa tsohon nan tayin nawa addinin ba. Na yi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yakan saurare ni tsaf, in na gama ya ce ya gode, amma Rakiya ba nan ta bi ba. Da na ga haka na ƙyale shi, muka ci gaba da maƙwabtakarmu, matata Hamida tana aika masa da tuwo, shi kuma bai taɓa bari ta sayi itace a wani wuri ba.

Ashe shiga Katolika ga babba ba aikin yini ɗaya ba ne. Mu a wurinmu mutum ya furta kalmar shahada, ya yi wanka, shi ke nan ya zama ɗan'uwa. Su kuwa sai ka zauna aji duk Asabar, kusan shekara biyu, ka haddace addu'o'i da dokoki goma, ka samo wanda zai tsaya maka a matsayin uban baftisma, Fada ya zaunar da kai ya yi maka tambayoyi. In ka tsallake, sai a sa sunanka cikin waɗanda za a zuba wa ruwa a jajibirin Ista, babban bikinsu. Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, bai san ko bihim ba a karatu, haka ya dinga zama a benci da sa'o'in jikokinsa. Da yamma Alheri ta dawo daga firamaren da take koyarwa, ta karanta masa, shi kuma ya yi ta maimaitawa da ƙarfi har ni ma na kusa haddacewa ba da sona ba. Ya ci tambayoyin Fada kaf, har ya kawo mini farin yadi ya ce in ɗinka masa rigar ranar.

Saura mako uku Ista sai Malam Ɗan'inna ya bi gidajen 'yan ajinsa, ya ce duk mai kayan tsafi ya fito da su a ƙone. Wallahi a idona Baba ya fito da layu biyu, da guru, da wata 'yar tukunya da ake yanka wa kaza a gidansu tun kaka da kakanni. Da hannunsa ya zuba su a buhu, ko waiwaye bai yi ba. Warkin kaɗai ya hana. Katikis ya ce ai da shi Maguzawa suke yanka a wurin tsafi, da shi kuma ake binne su, don haka kayan Shaiɗan ne. Ranar da na ji su ta katanga zuwansa na uku ke nan.

"Baba, in ba ka bayar ba zan cire sunanka. Sai baɗi kuma," in ji katikis.

Baba bai ɗago kai ba, ya ce, "Da wannan ubana ya noma geron da na ci na girma. Kai ma ubanka da irinsa aka binne shi, ni na riƙe ƙafafunsa. Ka je kabarinsa ka ce masa ɗan Shaiɗan, in ka dawo sai in ba ka."

Malam Ɗan'inna ya buɗe littafi a nan tsaye, ya ja layi a kan sunan, ya hau kekensa ya tafi. Ni dai haushin su biyun duka ya kama ni. Na shiga na ce masa haba Baba, fata ce fa, ko a kasuwar Shuwarin ba mai sayenta, ka yi wahalar shekara biyu ka zubar saboda ita? Ya ce in koma ɗinkina, abin da ban sani ba kada in sa baki. Alheri ta ce za ta kai maganar wurin Fada, ya hana ta, wai shi bai taɓa kai ƙarar ɗan abokinsa ba, ba kuwa zai fara da furfura ba. Fadan ma yana Kano wurin wani taronsu. Taurin kai irin na tsohon nan ban taɓa gani ba, kuma shi ne ya sa nake sonsa.

Abin da muka sani mu uku, katikis bai sani ba, shi ne Baba ba shi da baɗi. Tun kaka ƙafafunsa suke kumbura, numfashi yana yi masa wuya, likita ya ce wa Alheri zuciya ce, ta kai shi gida ta lallaɓa shi. Shi da kansa ya hana a faɗa a coci, ya ce ba ya son a zuba masa ruwa don tausayi.

A shekarar azuminmu ya haɗu da nasu, ga zafin bazara kamar a bakin murhu. Ranar wata Alhamis bayan azahar na gama sa wa farar rigar maɓalli, na ce bari in kai masa ko ya ji daɗi. Na tarar da shi kwance a ɗaki, ya naɗe warkin ya yi matashi da shi, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, leɓɓansa sun yi toka-toka. Alheri tana durƙushe da waya a kunne. Ta sami Fada, ya ce ya taso daga Kano amma ko Wudil bai kai ba. Ta kira Malam Ɗan'inna, shi kam ba a jima ba ya iso yana haki.

Ya durƙusa ya ce a irin wannan hali ba a jiran Ista, ba a jiran Fada, shi ma zai iya yi masa baftisma yanzu-yanzu. Abu ɗaya kawai yake roƙo, Baba ya ce ya rabu da fatar, ko da baki ne, ba sai an ƙone ta yau ba. Na ga idon mutumin ya cika da ƙwalla, na gane ba mugunta ba ce, shi ma tsoron nasa Ubangijin yake ji. Amma a raina na ce kai dai ka cika naci, mutum yana gargara kana ciniki.

Baba ya juya fuskarsa bango, ya ce, "To a bar shi."

Shekara biyu na zaman benci, da Rakiya da yake son ya tarar, duk ya ajiye su ya juya baya. Sai Alheri ta miƙe. Yarinya ce mai kunya, ban taɓa jin ta ɗaga wa babba murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Malam, kai ka koya mana a aji, in mutum yana bakin mutuwa kowa zai iya yi masa, in dai akwai ruwa kuma shi yana so. Ko ba haka ka ce ba?"

Ya ce haka ne, amma... Ba ta jira sauran ba. Ta dafa kafaɗar ubanta ta tambaye shi ko yana so, ya ce yana so. Ta yi masa tambayoyin nan da na saba ji ta katanga, ko ya gaskata da kaza, ko ya gaskata da kaza, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, muryar tana yankewa.

"Baba, ka rabu da Shaiɗan da dukan ayyukansa?"

"Na rabu da shi," in ji Baba. "Ban rabu da ubana ba."

Ta juyo ta ce, "Kawu Tasi'u, ɗebo mini ruwa a randa, ka zo ka ɗaga mini kansa."

Ba zan ɓoye ba, na tsaya jim. Ina da azumi a baki, ga sunan gidanmu, ga bakin mutanen unguwa da na san ba zai bar ni ba, bai kuwa bar ni ba har yau. To su yi ta faɗa. Ban furta kalma ko ɗaya daga cikin nasu ba, ba kuma zan furta ba har in mutu, addinina yana nan inda yake. Amma tsoho maƙwabcina na shekara goma sha tara yana mutuwa, 'yarsa ta ce in riƙe mata kansa, wanda zai iya cewa a'a ya zo ya faɗa mini a fuskata. Na ɗebo ruwan a moɗa, na sa hannuna a ƙarƙashin ƙeyarsa na ɗaga. Kan ba nauyi, kamar na yaro.

Ta karkata moɗar za ta juye duka gaba ɗaya. Sai muka ji Malam Ɗan'inna daga bayanmu, a hankali, ya ce, "Sau uku, Alheri. Kaɗan-kaɗan."

Ta zuba sau uku, tana cewa tana yi masa baftisma da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Ruwan ya bi furfurarsa, ya gangara ta kunne, ya sauka a hannuna da kan warkin. Baba ya buɗe ido ya tambaya ko an yi, ta ce an yi. Ya lalubo katikis da ido.

"Ɗan'inna, mayar da sunana."

Malam Ɗan'inna ya zauna a ƙasa ya buɗe littafin, ya rubuta yana share hanci da bayan hannu. Baba bai ƙara magana ba. Numfashin ya dinga yin nisa da juna, har aka yi wanda ba a sake wani ba. Ina riƙe da kan nasa, sai da Alheri ta ce in kwantar da shi sannan na gane ban sake shi ba. Kuka ya zo mini, na yi abina, ban ji kunyar kowa ba.

Fada ya iso an riga an rufe shi da zane. Ya saurari yadda aka yi daga bakin katikis, ya tambayi Alheri kalmomin da ta faɗa, ta maimaita masa. Ya ce abin da ta yi ya tsaya, babu mai sake shi, gobe za a kai Baba coci a yi masa addu'a kamar kowane ɗan Katolika.

Ana kiran la'asar na fito na bar su. Na ɗauki butata na tsuguna a ƙofar shago zan yi alwala, na kai hannu zan naɗe hannun riga, sai na ji shi sharkaf har gwiwar hannu, sanyin ruwan randar Baba ma bai gama fita ba. Na daɗe a tsugune ina kallonsa, har liman ya tayar da salla.