Kujerun Auta

Tun da na ga Yaya ta tsaya a bakin falo ta riƙe ƙugu tana ƙare wa soson Auta kallo, jikina ya ba ni cewa yau ba za a wanye lafiya ba. Na san ni mai yawan fargaba ne. Gyaran firiji nake yi, kuma uwar yara takan ce ko na gama aiki an sallame ni, sai na laɓe a ƙofar mutane ina sauraron ko injin zai tsaya. Amma fargabar ranar tana da dalili. Da la'asar mahaifiyar yaron da ke neman babbar ɗiyata za ta zo ganin gida, ita da wanta, ga shi falonmu babu kujera ko ɗaya.

A da muna da su. Auta ne ya fasa goshi a katakon ɗaya, na kwashe duka na bayar. Shekararsa bakwai, maganarsa ba yawa. Malamar asibitin da ke duba shi ta yi mini bayani yadda zan gane: kunnensa da fatarsa suna jin duniya fiye da namu. Ƙarar cokali a kofi a wurinsa kamar a buga guduma ne a kan rufin kwano. In abin ya yi masa yawa ba rarrashi yake so ba, so yake a matse shi. Ita ta nuna mini soson nan, manyan gutsattsari masu riga mai zif: biyu shimfiɗaɗɗu kamar katifa, biyu masu kusurwa uku, sai wani dogo mulmulalle da muke kira Kututture. Kullum Auta yakan harhaɗa su ya yi kogo, ya shige, ya ce, "Baba, danna." Sai in kwanta a kan rufin da rabin nauyina har numfashinsa ya daidaita. Tun da soson ya shigo gidan ya daina buga kansa da bango.

Yaya ita ta goye ni ina jariri, kuma har yau, duk da furfurata, ba ta sauke ni ba. Ta yanke hukunci biyu a tsaye. Soso zai zama kujerar baƙi. Auta kuma a sa shi a uwar ɗaka, a ba shi waya, a kulle har su tafi. Ta tuna mini da manemin bara, wanda ya ɗauke ƙafa tun ranar da ƙanwarsa ta ga Auta yana kaɗa hannaye a tsakar gida. Mutane, in ji ta, ba yarinya suke dubawa ba, jini suke dubawa.

Na ce mata yaron ba ya iya zama babu soson.

"Soso ne fa, ba iskar shaƙa ba," ta ce. "Auren 'yarka kake so ko wasan ɗanka?"

Ɗiyar tawa tana gefe tana guga. Ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa na ɗaga kai ina duban fanka kamar yau aka ɗaura ta.

Yaya ta ɗora shimfiɗaɗɗun, ta jingina masu kusurwa su zama majingina, ta sa Kututture ya tokare su ta baya. Ta lulluɓe komai da zanin gado mai furanni, ta soke da fil. Gaskiya ya yi kyau. Ta ce in an tambaya in ce sabon yayi ne. Na kai Auta ɗaki na ba shi waya. Na murɗa mukulli, sai na tuna da gobara, na tuna da tsohuwar wayar wutar ɗakin, na sake murɗa shi baya a hankali, na bar ƙofar ba a kulle ba.

* * *

Kawun yaron da ke neman ɗiyata ƙaton mutum ne, tsohon ma'aikacin banki. Da ya zauna, soson ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya yi ta nutsewa har gwiwoyinsa suka gaisa da ƙirjinsa. Bai nuna komai ba. Daga can ƙasa ya ce ya san irin kujerun nan, a wani otal na ƙasar waje ya fara zama a kansu, likitocin baya ma su suke saya. Yaya ta ce ai ƙanen nata ba ya sayen abin banza.

Mahaifiyar yaron, Hajiya, siririya ce marar surutu. A bakin gefe ta zauna. Na lura yatsanta yana bin layin zif ta saman zanin, sannu a hankali.

Kawu ya tambayi yara nawa Allah ya ba mu. Kafin in buɗe baki Yaya ta ce uku, duka mata, duka garau. Ya yi murna. Ya ce su danginsu ƙarfe ne, tun daga kakanni ba a taɓa samun ko mai sa tabarau ba. Nasa tabaran kuwa yana leƙowa daga aljihun gaba.

Aka kawo shayi. Kawu ya hau juya sukari, cokali yana dukan kofi kamar ana tashin makaranta. Wayarsa ta yi ruri, ya sa ta a lasifika, ya yi ta magana da wani makaniki da muryar da ba ta bukatar waya. Yana dariya, tagogi suna amsawa. Ni kuwa kunnena yana uwar ɗaka. Na san gurnanin Auta kamar yadda na san injin da ya kusa ƙonewa: yakan fara ƙasa-ƙasa, ya yi sama, sannan ya ɗauke. Ɗaukewar ce abin tsoro. Ya ɗauke.

Ƙofa ta buɗe. Auta ya fito, hannu ɗaya a kunne, ƙafa ba takalmi. Bai dubi kowa ba. Ya zagaya bayan kujerar, ya ɗaga zanin, ya janye Kututture.

Kawu bai faɗi da sauri ba. A hankali ya tafi baya, kamar ana kwantar da firiji a mota, ƙafafu suka yi sama, hula ta gangara ƙarƙashin tebur. Abin da har yau nake girmama shi a kai, kofin shayin yana hannunsa a miƙe, ko ɗigo bai zube ba. Makaniki yana ta "Alo, alo, Oga?" daga ƙarƙashinsa.

"Ɗan maƙwabta ne," Yaya ta ce tana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haka yake faɗo mana. Uwarsa ba ta tsawata masa."

Hajiya ba ta jira an zo kanta ba. Ta miƙe, ta bi zanin tana zare fil ɗaya bayan ɗaya tana tarawa a tafinta, don kada su soki yaron. Auta ya ja masu kusurwa. Ya dawo ya tsaya a kan Kawu yana jiran katifarsa, ba fushi, ba gaggawa, kamar mai jiran a sauka daga mota ya shiga. Kawu ya miƙa mini kofin, ya mirgina kan darduma.

A tsakiyar falo, a gaban kowa, Auta ya gina kogonsa ya shige. Sai murya ta fito daga ciki.

"Baba, danna."

Yaya ta zare mini ido. Ɗiyata tana bakin ƙofa riƙe da tire. Daga cikin kogon kuma gurnani ya fara dawowa, na san abin da ke biye da shi, bango ne. Na tattare babbar rigata na kwanta a kan rufin. Kuncina yana manne da soso, ina kallon takalman baƙi, na yi magana.

"Ɗana ne, ranka ya daɗe. Su huɗu ne, ba uku ba."

Ɗiyata ta ajiye tiren, ta zo ta durƙusa ta ɗaya gefen, ta ɗora hannayenta ta danna, yadda take yi kullum in ina wurin aiki. Muka zauna a haka har numfashin da ke ƙarƙashinmu ya kwanta.

* * *

Kawu ya kakkaɓe hularsa, ya ce to, za su je su yi shawara. Bai sake maganar otal ba. Yaya ta riga su fita, ko sallama ba ta yi mini ba.

Hajiya ce ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara takalmin da babu abin da ya same shi. Sai da wanta ya shiga mota ta miƙo mini fil ɗin, ta tambaye ni ƙasa-ƙasa inda ake sayar da soson, da ko rigar tana wankuwa. Na faɗa mata. Sai ta sake tambaya.

"Akwai wanda ya fi wannan girma? Kamar na saurayi."

Na ce zan tambaya. Kawu ya danna oda. Ta ja mayafinta ta tafi.

Na gaya wa ɗiyata abin da Hajiya ta tambaya. Ta ce shi dai manemin nata kullum yana faɗa mata su biyu ne a gidansu, shi da ƙanwarsa.

Yanzu Auta yana cikin kogonsa, zanin gadon Yaya ya zama masa labulen ƙofa. Wayar ɗiyata tana kan tebur, takan juya ta ta duba ta mayar. Na tambaya, an ce akwai babba. Ban sani ba ko za su dawo. Ban kuma san wa aka kulle a uwar ɗakan gidansu ba.