Uku a Lamba Ashirin da Ɗaya

Shekara uku ban taɓa keken ɗinkina ba. Yayar mijina ce ta ce taka shi da na yi har watan haihuwa ne ya girgiza ɗana Auta a ciki, shi ya sa bai zo kamar sauran yara ba. Na yarda, na lulluɓe keken da tsohon zane.

Ranar da sakamakon gwajin jininsa ya fito, likita ta nuna mini hoton wasu 'yan sanduna a jere, bibbiyu kamar safa.

"Sunansu kuromosom, su ke ɗauke da gadon halitta," in ji ta. "Ƙirga na lamba ashirin da ɗaya."

"Uku ne."

"To, dalilin ke nan. Wajen rabuwar ƙwayar halitta ne ɗaya daga cikin sandunan ta maƙale, tun kafin ki san kina da ciki."

"Ba keke ba ne?"

"Wane keke, baiwar Allah?"

Na yi ta yi mata godiya. Ina komawa gida na yaye zanen, na ɗiga wa keken mai. Rigar Auta na fara ɗinkawa. Ta biyu ta likita ce, da ido na auna ta. Yayar mijina kuwa, sai dai ta nemi wani telan.