Ai Akwai Kwaɗo

A ofis Mai Kwaɗo suke ce mata, ita kuwa ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Kamfaninsu hayar wuri yake ba mutane a intanet, kowa ya kafa shafinsa, daga mai sayar da takalma har mai gidan biredi. Kowane shafi yana da satifiket na tsaro, shi ne ke sa ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa ya fito a saman waya kusa da adireshi. Satifiket ɗin kuwa ba ya tsufa a duniya. Wa'adinsa na cika sai ya mutu, kwaɗo ya ɓace, jan gargaɗi ya rufe shafin, masu saye su watse. Yawanci da kansu suke sabuntuwa. Masu taurin kan da suka ƙi, su ne ke faɗowa teburinta.

Babanta, tsohon direban motar haya, bai taɓa gane aikin ba, amma hakan bai hana shi alfahari da shi ba. Da ta saya masa waya, don ta huta da dogon bayani, sai ta ce masa, "Baba, in ka ga kwaɗo a sama, shafin lafiya lau ne. In babu, ka gudu." Shi ke nan fa, tsoho ya riƙe maganar gam. Duk wanda ya zauna da shi a ƙofar gida sai ya ji cewa 'yarsa ce ke tantance masu gaskiya a intanet.

Wata rana da ta je gaishe da iyayenta, tun daga bakin ɗaki warin ya tare ta. Wari ne mai zaƙi-zaƙi, kamar na naman da aka manta a firij aka ɗauke wuta. Inna tana tsaye da turaren fesawa a hannu, tana fesa labule kamar labulen ne ya yi laifi.

"Inna, mene ne wannan?"

"Tambayi ubanki," in ji Inna. "Ni bakina ya gaji."

Baba yana kishingiɗe, ƙafarsa ta hagu a kan matashi, an naɗe ta da tsohon mayafi. Ya daɗe da ciwon suga, ɗan ƙaramin gyambo kuma ya fito masa a babban yatsa. Ta warware mayafin. Sai da ta kau da kai. Yatsan ya yi baƙi, wani ruwa rawaya yana tsattsafowa, an kuma shafe wurin da wani koren mai mai kauri.

"Ina allurarka, Baba?"

"Na bar ta. Wannan yana korar sugan gaba ɗaya, ba lallashinsa yake ba." Ya nuna mata kwalabe a jere a kan taga, kowace da hoton wani mutum mai farar riga da murmushi har kunne. "Baƙin nan da kike gani, dafin ne ke fita. Haka likitan ya rubuta."

"Wane likita? A ina ka samo shi?"

Ya miƙo mata waya, ya dangwala yatsa a saman gilashin. "Kwantar da hankalinki, uwata. Sai da na duba. Ai akwai kwaɗo."

Ba sai ta karanta adireshin sau biyu ba. Abokin cinikinsu ne, cikin masu taurin kan ma, kuma da hannunta ta sabunta masa satifiket karon da ya wuce, tana shan shayi tana hira. Ta yi magiya a je asibiti, ta yi faɗa, har ta yi kuka. Baba ya ce su likitocin asibiti ba su san komai ba sai yanka, shi kuwa da yatsunsa cif za a binne shi.

Da ta koma aiki, me za ta tarar? Satifiket ɗin mutumin nan ya sake ƙin sabuntuwa, ga wa'adi ya zo wuya. Kafin ma ta gama tsaki, sai ga shi da kansa a ofis. Babu farar riga yau, sai wata shadda mai ƙyalli da turaren da ya riga shi shigowa. Ya ɗosana mazaunansa a gefen teburinta, ya ɗauki biron da take rubutu da shi ya soma sosa kunne.

"Ke ce mai kwaɗon? Ƙanwata, a taimaka. Tsofaffin nan in ba su ga abin nan ba, ko kallon kayana ba sa yi."

"A wace makaranta ka karanta likitanci?"

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya duba kan biron, ya goge shi a jikin kujerarta. "Makarantar duniya. Ke dai ki saka min kwaɗo."

Yana fita ta ɗauki biron da takarda ta jefa a kwandon shara, ta wuce ofishin Manaja. Ta gaya masa komai, har warin. Manaja mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa yi wa kowa tsawa ba, kuma wannan sanyin ne ya fi ƙona mata rai.

"Allah ya ba Baba lafiya," in ji shi. "Amma kin fi ni sani. Kwaɗo cewa yake ba mai leƙen abin da ke wucewa tsakanin waya da shafi. Bai ce mai shafin mutumin kirki ba ne. Mu ƙofa muke kullewa, ba ruwanmu da abin da ake dafawa a ɗaki. Ki rubuta ƙorafi, za a duba. Kafin nan ki sabunta."

Gaskiya ya faɗa, abin takaicin ke nan. Ta koma ta zauna, ta buɗe shafin aikin, ta kalli wurin dannawa, sai ta rufe. Ta san abin da ake yi wa ma'aikacin da ya bar shafin abokin ciniki ya mutu da gangan. Ta ce a yi mata.

Wa'adi na cika, jan gargaɗi ya rufe fuskar mai murmushi. Ko izini ba ta nema ba, ta tari tasi sai gida.

"Baba, buɗe shafin likitanka."

Ya buɗe, ya matso da wayar kusa da ido, ya karanta a hankali yana motsa leɓe. Wannan shafi ba shi da tsaro. Ya ɗago, fuskarsa ta sauya.

"Kwaɗon fa?"

"Ya tafi."

"Inna lillahi. Ashe macuci ne?" Ya dubi kwalaben, ya dubi ƙafarsa kamar yau ya fara ganinta. "Ɗauko min hulata."

Abin da kuka da magiya suka kasa, jan allo ya yi shi nan take. Ta ji daɗi, ta kuma ji ƙyamar kanta, don ta san ƙaryar farko ce ta juya ta, ta sake sayar masa.

A asibiti aka ba su benci a gaban ɗakin wanke ciwo. Layi ya yi tsawo. Wata mata da ke gefensu ta kalli ƙafarsa, ta ja mayafi ta toshe hanci, ta matsa can ƙarshe. Baba ya gani, ya yi kamar bai gani ba, ya ciro waya don ya sami wurin ajiye idonsa. Ita kuwa tata wayar tana ta ruri a jaka, Manaja ne, ba ta ɗauka ba.

Can sai ta ji Baba ya ce, "A'a!"

Ya juyo mata da gilashin. Ga mai farar riga yana murmushi, ga ɗan kwaɗo ya dawo ya zauna daram a sama. Wani a ofis ya danna abin da ta ƙi dannawa. Aikin bai fi a sha ruwa a ajiye kofi ba.

"Kin gani ko? Kuskure aka yi wa bawan Allah, mun ɗauki alhakinsa." Har ya fara laluben takalminsa da lafiyayyar ƙafar. "Tashi mu tafi tun ba su kawo wuƙa ba."

Ta riƙe masa hannu. Ba ta da wata dabara da ta rage.

"Baba, ni nake saka kwaɗon nan. Ni na saka masa na baya, ni na cire yau don ka zo nan. Ba a tambayar kowa komai. Ɓarawo ma in ya kafa shafi, saka masa muke yi."

"Kowa da kowa?"

"Kowa da kowa."

"Amma ke kika ce min..."

"Na ce. Gajiya na yi da bayani."

Ya daɗe yana kallon ɗan kwaɗon, sannan ya kashe wayar ya sa a aljihu. Ba fushi ta gani a fuskarsa ba, da ma fushin ne da sauƙi. Irin kallon da matar nan ta yi wa ƙafarsa, shi ya yi mata.

"Na tura abokaina wurinsa," in ji shi a hankali. "Na ce musu 'yata ta duba shi."

Nas ta leƙo ta ce mai ƙafa ya shigo. Mai Kwaɗo ta miƙe da sauri ta kawo kafaɗarta, yadda ta shigo da shi. Baba ya zare hannunsa daga nata, ya dafa bango, ya bi shi yana ɗingishi har cikin ɗakin.